Suna, Wata da Magani: Alamtarwa a Wasan Romiyo da Juliyat

1.0 Gabatarwa

Shakespeare ya rubuta wasan Romiyo da Juliyat a wajajen 1595, aka fara buga shi a 1597. Labarin kuwa ya girme shi: Bandello ya rubuta shi da Italiyanci a 1554, Boaistuau ya mai da shi Faransanci a 1559, Arthur Brooke ya ƙulla shi waƙa da Ingilishi a 1562. Abin da Brooke ya shimfiɗa cikin watanni, Shakespeare ya matse shi cikin kwanakin da ba su cika mako ba. Ke nan ba don labarin wasan ya daɗe ba, don alamomin da aka saƙa a cikinsa ne. Manufar wannan maƙala ita ce a nuna cewa kowace babbar alama ta wasan fuska biyu gare ta, kuma mai son kawo shi gaban Hausawa, alal misali ɗaliban Magarya da Dungas ko matasan Sassumbrum, in ya ɗauki fuska guda ya bar guda, ya zubar da wasan.

2.0 Suna

A kashi na 2, fitowa ta 2, Juliyat, wadda ba ta cika shekara 14 ba, ta yi hujja cewa sunan gidan Romiyo ba hannu ba ne, ba ƙafa ba ne, kuma fure ba ya rasa ƙamshinsa don an sauya masa suna. Duk wanda ya karanta darussan Saussure na 1916 zai gane wannan magana: babu wata dangantaka ta tilas tsakanin lafazin kalma da abin da take nufi. Sai dai Saussure ɗin ya ƙara da cewa mutum guda ba shi da ikon sauya abin da jama'a suka gada. Wannan rabi na biyu shi Juliyat ta manta, shi kuma wasan ya tuna mata. A kashi na 3, bayan Romiyo ya kashe Taibalt, ya zare wuƙa yana tambaya a wace gaɓa ta jikinsa sunan yake, don ya yanke shi.

Bahaushe ba ya bukatar a yi masa sharhin wannan. A Sassumbrum, kamar sauran ƙasar Hausa, rago ake yankawa ran kwana bakwai kafin suna ya tabbata. Mace ba ta kiran sunan mijinta, uwa ba ta kiran na ɗanta na fari. Tsofaffinmu da yawa suna ɗauke da askar gidansu a kumatu, watau sunan da wanzami ya rubuta a fata. Saboda haka ɗan kallo na nan zai ji maganar Juliyat da kunne biyu: zai ji ƙarfin halinta, zai kuma ji ƙuruciyarta. Mai fassarar da ya mai da ita mai hikima zalla, ko mara kunya zalla, ya yi kuskure.

3.0 Dare da wata

A al'ada haske alheri ne, duhu sharri. Wasan ya juya wannan. Da dare masoyan suka haɗu, da dare suka yi alkawari. Da tsakar rana mai zafi kuwa aka kashe Markushiyo da Taibalt. Wannan juyi ba baƙo ba ne ga wanda ya san dandali da zancen dare. Inda gizo ke saƙar shi ne wata. Mu farin wata sha-kallo ne, da shi ake kwatanta kyakkyawa, har Zara ma matarsa ce. A wasan kuwa Romiyo ya kwatanta Juliyat da rana, ya ce wata kishinta yake yi. Da ya so rantsuwa da wata, ta hana shi, don wata ba ya zama a kama ɗaya. In aka bar kalmar wata haka kawai, Bahaushe zai ɗauka yabo ne aka ƙi. Dole a fito da ɗaya fuskar, wadda mu ma muka sani: watan da ke cika ran sha huɗu shi ne ke ramewa har ya ɓace.

Haka ma tsuntsayen kashi na 3, fitowa ta 5. Masoyan suna gardama ko kukan da suka ji na tsuntsun dare ne ko na asuba, domin in gari ya waye Romiyo yana Berona, kashe shi za a yi. Neman sunayen tsuntsayen nan biyu a ƙamus ɓata lokaci ne, sa mujiya kuma ɓarna ce, don ita mugun abu take kira. A ganina zakara ya isa: ita ta ce carar tsakar dare ce, shi ya ce ta assalatu ce.

4.0 Magani

Fada Loran ya fara fitowa da kwandon tsirrai, yana bayanin cewa dafi da waraka suna zaune cikin fure guda. Kalmarmu ta magani ta riga ta ɗauki wannan nauyi, domin da ita ake warkarwa, da ita kuma ake cewa an yi wa wani magani. Zaƙami da ke fitowa a juji da farin furensa misali ne a bayyane: masu magani suna aiki da shi, wanda ya zarce kuma ya haukace. Abin da Fada ya ba Juliyat dafi ne a ido, magani a niyya. Abin da Romiyo ya saya a Mantuwa da zinariya 40 dafi ne na gaske, amma shi magani ya kira shi.

A wurin cinikin nan ne Romiyo ya gaya wa matalaucin mai magani cewa zinariya ta fi abin da ya sayar masa kisa. Sai ga shi a ƙarshe iyayen biyu sun shirya, kowa ya yi alkawarin gina gunkin zinariya ga ɗan ɗayan. Masu sharhi da dama sun karanta wannan a matsayin sulhu tsantsa. Ni ban yarda ba. Marubucin da ya kira zinariya dafi a farkon kashi na 5 bai manta da haka ba a ƙarshensa. Attajirai biyu da suka kasa sauraren ƴaƴansu da rai, sun koma gasar dukiya a kan kabarinsu.

5.0 Kammalawa

Ibrahim Yaro Yahaya ya nuna da Daren Sha Biyu cewa Hausa tana iya ɗaukar Shakespeare. Abin da ya rage ga mai son wannan wasa shi ne ya fassara aikin da alama take yi kafin ya fassara sunanta. A ƙasar da har yau ake ɗaura wa yarinya aure ba da sonta ba, hatsarin shi ne wasan ya koma wa'azi: ko dai a kan taurin kan yara, ko a kan zaluncin iyaye. Alamomin nan uku ba su yarda da ko ɗaya shi kaɗai ba. Dattijon da ya kalli wasan ya kamata ya tashi yana tunanin gunkin zinariya, saurayi kuma yana tunanin wuƙar da ba ta iya yanke suna.