Dodon da ke Maƙwabtaka: Nazarin Tsofaffin Finafinan Tsakar Dare

Hausawa sun ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. A shekarata ta ƙarshe a jami'a na saba raba dare ina kallon tsofaffin finafinan Amurka a waya, saboda arhar data bayan ƙarfe 12. Zatona mafaka na samu, wato zamanin hoto baƙi da fari, wanda tsoronsa bai wuce dodon roba ba. Finafinai uku ne suka warware mini wannan zato.

Na farko wani kashi ne na The Twilight Zone, shirin talbijin na ƙagaggen labarin kimiyya da Rod Serling ya ƙirƙira a 1959. Kashin, mai suna The Monsters Are Due on Maple Street, ya fito a 1960. Wuta ta ɗauke a wata unguwa, motoci suka ƙi tashi. Da fari dariya na yi, don ɗauke wuta ba baƙonmu ba ne. Sai wani yaro ya ce halittun wata duniya sun saje da mutanen unguwar. Nan take zargi ya fara yawo gida-gida, har wani ya harbe maƙwabcinsa a cikin duhu. Baƙin kuwa suna kan tudu suna kunna wuta suna kashewa, ba su taɓa kowa ba. Serling ya rubuta wannan ne ga al'ummar da ba ta daɗe da fita daga farautar 'yan kwaminisanci ta zamanin Sanata McCarthy ba. Da ɗan gari akan ci gari.

Na biyu shi ne fim ɗin tsoro na George Romero, Night of the Living Dead, na 1968. Matattu sun tashi sun kewaye wani gidan gona, amma gardamar waɗanda suka fake a ciki ce ta fi yi musu illa. Ben, wanda baƙar fata Duane Jones ya fito a matsayinsa, shi kaɗai ya kai asuba da rai. Da gari ya waye, ayarin masu ceto suka hango shi ta taga, suka harbe shi ba tare da tambaya ba. A shekarar ne aka kashe Martin Luther King.

Da na gaji da tsoro sai in koma ga Tom and Jerry, zanen barkwancin da William Hanna da Joseph Barbera suka faro a 1940. Ina yaro kyanwa da ɓera kawai nake gani. Yanzu na lura da matar nan baƙar fata mai ɗaga tsintsiya, wadda da wuya a nuna fuskarta, aka mai da lafazinta abin dariya.

Ba na musun rauninsu ta fuskar fasaha: dabarun hoton sun tsufa, kuma Serling yakan cika wa'azi a ƙarshen labari. Sai dai mai sayen su don kewar zamanin kwanciyar hankali ya yi sayen kifi a ruwa. Tun da na kammala kallon su, duk lokacin da jita-jita ta faɗo wayata da dare tana nuna wani da yatsa, unguwar Maple nake tunawa, sai in dakata kafin in tura wa na gaba.