Lafiyarmu a Bakin Baƙo: Tarken Littafin Lewis Wall

Littafin da nake so mu ɗora a faifai yau ba na adabi ba ne, amma da kalmomin Hausa aka gina shi, saboda haka muna da ta cewa a kansa. Sunansa Hausa Medicine, wanda Jami'ar Duke ta Amurka ta buga a 1988. Marubucinsa, L. Lewis Wall, Ba'amurke ne da ya yi digirin dakta a Jami'ar Oxford a fannin nazarin ɗan'adam da al'adunsa, bayan ya zauna a wani gari na ƙasar Malumfashi cikin shekarun 1970. Daga wannan bincike littafin ya fito.

Mu fara da ba shi haƙƙinsa. Wall ya gane cewa kalmar "lafiya" ta fi ƙarfin rashin ciwo. Bahaushe yakan tambayi lafiyar gida da ta hanya da ta gari, har ya ce an rabu lafiya, watau dai zaman kowane abu a muhallinsa. Daga nan ya bi masu magani, boka da wanzami da maɗori da ungozoma da malami da 'yan bori, ya kuma ɗauki maganarsu da muhimmanci, bai mai da ita camfi ba kamar yadda waɗansu Turawan mulki suka yi. Wannan ba ƙaramin aiki ba ne ga wanda ya koyi Hausa da girmansa.

To amma a nawa ganin, littafin ya gaji wata cuta ta kundin digiri, ita ce son tsari. Mai neman digirin dakta tilas ya kai wa masu jarraba shi abu shiryayye, babi bayan babi. Sai mai karatu ya tashi da zaton Bahaushe yana ɗauke da wani jadawali a ka: wannan ciwon na sanyi ne, wancan na iska, wancan kuma sammu. Murray Last, wanda shi ma ya zauna a ƙasar Malumfashi cikin Maguzawa, ya kawo wata magana dabam a maƙalarsa ta 1981. Ya nuna cewa sau da yawa marar lafiya, kai har da mai maganin, ba su san sanadin ciwo ba, ba su kuma damu su sani ba. Abin da suke nema sauƙi ne. Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin masu saiwoyi a kasuwar Sabon Gari zai fi gaskata Last. Mace za ta sayi sassaƙe na shawara, ta tsallaka kemis ta karɓi ƙwayoyi, da yamma ta sha rubutu, ba ta kuwa ga wani karo tsakaninsu ba. Kalmar shawara kanta fa? Likita zai so ta tsaya a kan ciwo guda, alhali a bakin mutane ta fi haka fāɗi. In aka ɗaure irin wannan kalma da fassarar Turanci guda ɗaya, an yi mata kaciya.

Sabon Garin nan ma ya tuna mini wani giɓi. Hoton Bahaushen ƙauye aka zana mana, sunan littafin kuwa ya haɗa Hausawa duka. Ina Bahaushen da ke maƙwabtaka da Bayarabe da Inyamuri tun zuwan jirgin ƙasa, yana shan agbo yana sayar musu da kanwa?

Inda abin ya fi damuna shi ne sha'anin mata. Namiji baƙo iyakarsa zaure, labarin ɗaki kuwa sai dai ya ji daga bakin maza ko tsofaffi. Ga shi a ɗakin ne ake mutuwa. A nan Zariya likitoci biyu, Davidson da Parry, suka wallafa bincike a 1978 kan ciwon zuciya da ke kama mata bayan haihuwa, suka danganta shi da wankan jego na kwana arba'in, da kwanciya a gadon da aka hura wa wuta, da kunun kanwa mai yawa. A 1983 kuma Tahzib ya duba mata 1,443 masu yoyon fitsari a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, ya sami kashi 13 cikin ɗari yankan gishiri ne ya jawo musu. Likitocin sun ƙirga, amma ba aikinsu ba ne su ji abin da kaka take nufi in ta ce sanyi zai shiga mai jego. Wannan aikin mai nazarin al'ada ne, kuma Mary Smith ta nuna mana tun 1954, da littafin Baba ta Karo, irin abin da mace kan faɗa wa mace. Shi kansa Wall daga baya likitan mata ya zama, ya dawo kan yoyon fitsari a rubuce-rubucensa, har ya yi jagorancin kafa asibitin masu wannan lalura a Danja kusa da Maraɗi, wanda aka buɗe a 2012. Ni a wurina wannan amsa ce da ya bai wa littafinsa.

Saura mu. Littafin da Turanci yake, wanzamin da aka yi hira da shi ba zai taɓa karanta shi ya ce "ba haka na faɗa ba". Mu da ke Samaru, tsakanin Ɗakin Karatu na Kashim Ibrahim da kasuwar Sabon Gari kuɗin mota ɗaya ne, muna jin harsunan biyu, 'yan'uwanmu mata kuma suna shiga har ƙuryar ɗaki. In ɗalibar Hausa za ta yi digiri a kan kalmar "gishiri" kaɗai, yadda ungozoma ke gane shi da yadda likitan Shika ke jin sa, zan so in ga an rubuta kundin da Hausa, a kuma karanta wa ungozomar kafin a kai wa masu jarrabawa.