Gaɓa Ko Ƙwayar Sauti? Sharhi a Kan Koyar da Baƙaƙe da Ƙidaya a Rabin Aji, Misali Daga Adogi

1.0 Gabatarwa

Masana harsunan Nijeriya sun daɗe suna rubuce-rubuce a kan tsarin sauti da ƙa'idojin rubutu, amma ba kasafai suke leƙa ɗakin da ake fara ɗora wa yaro waɗannan abubuwa ba, wato ajin share fagen firamare, wanda jama'a ke kira rabin aji ko nazare. Wannan takarda sharhi ce a kan hanyar da ake bi wajen koyar da sautukan baƙaƙe da ƙidaya ga yara 'yan shekara 3 zuwa 5, tare da ɗaukar misali daga Adogi, a ƙaramar hukumar Lafiya ta jihar Nasarawa. An zaɓi Adogi ne saboda tana cikin yankin da Hausa ke zaman harshen kasuwa da wasan yara, alhali gidaje da yawa na wannan yanki da wasu harsuna ake magana a cikinsu, kamar Eggon da Alago da Migili da Gwandara da Tibi. Abin da takardar ke son nunawa shi ne, hanyar da ta yi tashe a waɗannan azuzuwa an ɗinka ta ne daidai jikin Ingilishi, kuma an sanya wa yaron da kunnensa ya saba da Hausa ba tare da an gwada shi ba.

2.0 Koyar da Sauti

Hanyar da ake magana a kai ita ce ta Jolly Phonics, wadda malamai biyu, Sue Lloyd da Sara Wernham, suka tsara a Ingila, aka kuma buga littafin jagoranta a 1992. Ta yaɗu a jihohin Nijeriya da dama ta hannun hukumomin ilimin bai-ɗaya, sannan makarantun kuɗi suka rungume ta har ta zama abin talla a allon ƙofarsu. Tana koyar da sautuka 42 a rukuni 7, kowane sauti da motsin hannu da ɗan labarinsa. Bayan haka sai a koya wa yaro harhaɗa sautukan ɗaya bayan ɗaya su tayar da kalma.

Dole a ba ta haƙƙinta. Ta fi tsohuwar hanyar rera sunayen haruffan Ingilishi 26, wadda yaro zai shekara yana yi bai iya karanta kalma ɗaya ba. Ta kuma shigar da wasa cikin ajin da a da ba a san komai a cikinsa ba sai bulala da amshi. Sai dai dalilin ƙirƙiro ta shi ne rikicin rubutun Ingilishi, inda sautuka fiye da 40 ke rububin haruffa 26, kuma gaɓa guda kan ɗauki baƙaƙe uku a jere. Hausa ba ta da wannan ciwo, don haka ya kamata a tambaya ko tana bukatar wannan magani.

Rukunin farko na wannan hanya shi ne s, a, t, i, p, n, kuma kalmomin da ake fara haɗawa su ne irin su sat da pin da tin. A nan akwai matsala iri uku. Ta farko, babu p a abacadan Hausa, shi ya sa kalmomin aro suka zama fensir da famfo da fakiti da fasinja. Ta biyu, mafi yawan kalmomin Hausa da wasali suke ƙarewa. Ta uku, wadda ta fi sauran nauyi, gaɓar Hausa sigogi uku kawai gare ta: baƙi da wasali, ko baƙi da dogon wasali ko tagwan wasali, ko baƙi da wasali da baƙi. Ba ta farawa da wasali, domin ko a kalmomi irin su aiki da ido akwai hamza a farko, rubutu ne bai nuna ta ba. Ba ta kuma yarda da cunkoson baƙaƙe a farkonta, dalilin da ya sa Bahaushe ya ce burodi da filanki.

Sakamakon haka a bayyane yake ga duk wanda ya zauna a bayan aji ya kasa kunne. Malama za ta furta s, yara su amsa da sa. Ta furta t, su amsa da ta. Idan aka zo haɗawa, abin da ke fitowa daga bakinsu ya fi kusa da sa'ata a kan sat. Sau da yawa ita kanta malamar haka take furtawa, domin ita ma da gaɓa kunnenta ya tashi. Wannan ba daƙiƙanci ba ne. Yaron yana bin dokar harshen da ya sani ne, kuma yana bin ta daidai.

Ɓarnar ba ta tsaya a ajin Ingilishi ba. Yaron da aka koya wa cewa c tana da sautin k, ranar da ya ga cokali zai ce kokali. Wanda aka koya wa u ta kalmar up zai karanta uwa kamar awa. Wanda aka koya wa ai ta kalmar rain zai mayar da kai ta koma ke. Ga kuma ɓ da ɗ da ƙ da ts da 'y, waɗanda ba su da gurbi ko kaɗan a cikin sautukan nan 42. A ƙasar Lafiya, inda masu jin Hausa a matsayin harshe na biyu sukan haɗe ƙ da k a furuci, yaron da ba a nuna masa wannan bambanci da wuri ba zai girma yana rubuta baki a inda yake nufin baƙi.

2.1 Abin da Aka Tarar a Gida

Abin mamaki shi ne, ƙasar Hausa ta daɗe da tata hanyar. A makarantar allo yaro yakan fara da babbaƙu, inda ake kiran haruffa da sunayen da ke siffanta surarsu, kamar ba guje da ha kuri da mim jaye da nun guda. Daga nan ya wuce farfaru, inda ake ɗora wa kowane baƙi wasalinsa, bisa ko ƙasa ko rufu'a. Wato tun farko malaman allo sun gane cewa baƙi ba ya furtuwa sai da wasali, kuma a kan gaɓa suka gina karatu. Littattafan boko na farko irin su Ka Koyi Karatu su ma gaɓa suka riƙe, da jerin ba, be, bi, bo, bu. A baya-bayan nan, shirin RANA da aka fara a Katsina da Zamfara a 2015, da littattafan Mu Karanta! na jihohin Bauci da Sakkwato, sun haɗa sautin harafi da karatun gaɓa a cikin Hausa, abin da ke nuna cewa hanyoyin biyu ba kishiyoyin juna ba ne.

Ba a cewa tsohuwar hanyar ba ta da aibi. Jerin ba, be, bi kan koma waƙar da yaro zai rera idonsa a rufe, kuma idan aka nuna masa bo ita kaɗai sai ya koma farkon layi ya biyo. Haka nan rubutun boko, tun daga ƙa'idojin da Hanns Vischer, wato Ɗan Hausa, ya shimfiɗa a 1912 har zuwa taron Yamai na 1980, bai nuna tsawon wasali da karin sauti ba. Garin da ake zama da garin da ake tuwo sura ɗaya gare su a takarda. A nan ajami ya fi boko, domin yana nuna dogon wasali. Babba yana warware wannan da ma'anar jimla, amma mai koyo ba shi da jimla tukuna, kalma ɗaya ce a gabansa. Saboda haka wajibi ne mai tsara littafin rabin aji ya tace kalmominsa na farko, ya guji masu fuska biyu, ko ya raka kowacce da hoto.

3.0 Ƙidaya

Idan aka koma ga ƙidaya, asarar ta fi fitowa fili. A yawancin azuzuwan, ƙidaya na nufin rera lambobin Ingilishi daga 1 zuwa 100, kuma iyaye suna murna da haka. Amma tun 1978 Gelman da Gallistel suka nuna cewa ƙidaya ta ƙunshi abubuwa da suka wuce jera sunaye: a ba kowane abu lamba ɗaya tak, a bi jeri ɗaya kullum, a kuma gane cewa lambar ƙarshe ita ce adadin tarin duka. Yarinyar da ke wasan carabke da tsakuwa, ko take taya uwarta kasa gyaɗa, ta riga ta mallaki waɗannan da Hausa. Ta san saya da canji. Tana jin manya suna cinikin doya ƙwarya-ƙwarya, kowace ƙwarya doya 100. Ranar da ta shiga aji sai a ajiye duk wannan a bakin ƙofa tare da takalminta.

Alhali kuwa ginin lambobin Hausa ya fi na Ingilishi bayyana tsarin goma-goma. Goma sha ɗaya da goma sha biyu suna faɗin abin da ke cikinsu, saɓanin eleven da twelve waɗanda sai dai a haddace. A goma sha uku, goma ce ke zuwa farko, daidai da yadda ake rubuta 13, alhali a thirteen uku ce ke gaba, ga kuma kamar da take yi da thirty a kunnen mai koyo. Har ila yau, wanda ya ce ashirin ba ɗaya yana nufin 19 ya riga ya yi ɗebewa tun kafin a koya masa alamarta.

Inda Hausa ke da tata gargadar shi ne daga 20 zuwa 90, domin ashirin da talatin da arba'in har zuwa casa'in aro ne daga Larabci, kuma ba su nuna wa yaro goma nawa ke cikinsu. Amma harshen yana da tsani a rumbunsa, wato tsohuwar ƙidaya ta gomiya biyu da gomiya uku. Da malama za ta ɗaure tsinke goma-goma ta ce gomiya biyu ita ce ashirin, da ta gama bayanin matsayin lamba a zama ɗaya. Sai dai ta kula da taƙaitawar nan ta sha uku, sha huɗu, wadda ke ɓoye goman, ta riƙa faɗin lambar cikakkiya har sai yaro ya kama.

4.0 Hausar Wa, Kuma da Izinin Wa?

Akwai suka mai ƙarfi da za a iya yi wa duk abin da ya gabata, kuma a Adogi ba za a kauce mata ba. Hausa ba harshen uwa ba ce ga yara da yawa a wannan yanki. Yaron Tibi ko Alago ba shi da matsala da p, yana ma da kp da gb waɗanda babu su a Hausa ko Ingilishi. Iyaye da dama kuma suna kallon Hausa a makaranta a matsayin wata hanyar danne harsunansu, kuma Bahaushen da aiki ya kawo shi wannan ƙasa ba shi da hurumin raina wannan tsoro. Ko a cikin Hausar ma, mu da muka taso inda ake cewa hwari mun san cewa daidaitacciyar Hausa baƙuwa ce ga wasu 'ya'yan Hausawa. Amsar da za a iya bayarwa ita ce, zaɓin da ke gaban yaron Adogi a yau yana tsakanin harshen da yake wasa da shi a dandali da harshen da ba ya ji sai a aji. Idan aka samar da littattafan farko da Eggon ko Alago, to su ne suka fi cancanta ga 'ya'yansu, kuma wannan aiki ne da ke kan sassan nazarin harsuna na Jami'ar Tarayya ta Lafiya da Kwalejin Ilimi ta Akwanga.

Ta fuskar doka kuwa, ƙasa ta yi ta kai-kawo. Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta tanadi koyarwa da harshen uwa ko harshen da jama'ar wuri ke amfani da shi a matakin farko, bayan gwajin Ife da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta da Yarabanci tun daga 1970. A 2022 aka faɗaɗa wannan zuwa shekara 6 na firamare. A watan Nuwamba na 2025 kuma ministan ilimi, Tunji Alausa, ya sanar da soke shi da mayar da Ingilishi harshen koyarwa tun daga rabin aji. Hujjar da aka bayar ita ce faɗuwar ɗalibai a jarrabawa, ko da yake da wuya a ɗora wa manufa laifin faɗuwa a azuzuwan da ba ta taɓa shiga ba.

Ko da Ingilishin za a koyar, sanarwar ba ta canza abin da ke kunnen yaro ba. Malamar da ta san dalilin da ya sa sat ke zama sa'ata za ta fara da gaɓoɓin da yaro ya sani, irin su na cikin mama da tasa da kaza, inda harafi da sauti suka yi daidai, ta bari sai ya gane cewa rubutu magana ce kafin ta kai shi ga rufaffiyar gaɓa da p da cunkoson baƙaƙe. Wannan ilimi na kwatanta tsarin sautin harsuna biyu yana nan a cikin darussan da muke koyarwa a jami'a, amma horon 'yan kwanaki da ake ba malaman rabin aji a kan motsin hannu da waƙoƙi bai ƙunshe shi ba.