Jinjina ga Masu Ɗinke Injin Porsche 911

Haƙiƙa, duk wanda ya san injin Porsche 911 na Jamus, mai silinda shida kwance, wanda iska ke sanyaya shi tun daga 1964 har zuwa 1998, ya san cewa bakaniken da ya wargaza shi, ya mayar, sa'an nan injin bai ɗiga ko ɗigon mai ba, ya cancanci a kira shi gwani.

Domin kuwa gangar jikin injin ɓari biyu ce, babu fakin a tsakaninsu, sai ƙarfe ya sumbaci ƙarfe. Saboda haka sai ka ga malamin ya duƙufa yana kankare tsohon danƙo, yana goge fuskokin har su yi tsarki, kana ya shafa danƙon Loctite 574 siriri, don ya fahimci cewa idan ya yawaita, rarar na iya toshe hanyoyin mai. Zoben roba kowanne sai ya shafa masa mai kafin ya zaunar da shi, notuna kuma ya ɗaure su bisa tartibi da mizanin da masana'anta ta ƙayyade, ba da ƙarfin damtse ba.

Allah Ya saka musu da alheri, amanar da suke riƙewa mai mota ba ya ganinta.