Indigene da Indigent: Tsokaci kan Wani Ruɗanin Fassara a Tsakanin Hausawan Oyingbo da Agege

Kalmar indigene ba kasafai ake jin ta a bakin Turawan Ingila ba. A Nijeriya kuwa ta zama kalmar ofis, domin da wuya mutum ya nemi aikin gwamnati ko gurbin karatu bai ci karo da ita ba. Wannan tsokaci ya dubi yadda ake cakuɗa ta da indigent, da kuma yadda masu fassara ke mayar da ita Hausa.

Kalmomin biyu daga Latin suka fito, amma tushensu daban. Indigene ta shigo Ingilishi ta hanyar Faransanci daga indigena, wato wanda ya tsiro daga cikin wuri. Indigent kuwa daga aikatau indigere take, mai ma'anar rashi ko buƙata. Furuci ne ya haɗa su. Tsarin gaɓar Hausa bai yarda da cunkoson baƙaƙe a ƙarshen kalma ba, saboda haka /t/ ɗin indigent yakan faɗi, sai a ji "indijen" da "indijin", wasali ɗaya kacal ya raba su. Ta haka ne sanarwar tallafin karatu da aka yi domin indigent students, wato ɗalibai marasa galihu, takan isa kunnen ɗan dako a kasuwar Oyingbo da sunan tallafin "'yan asalin jiha". Sai ya haƙura tun bai tambaya ba, alhali mai yiwuwa ɗansa na cikin waɗanda ake nufi.

Wannan kuskuren kunne ne, gyaransa mai sauƙi. Wanda ya fi shi illa yana hannun masu fassara da kansu, waɗanda ke ba indigene ma'anar "ɗan ƙasa" ko "haifaffen gari". Ta farkon ta riga ta zama fassarar citizen, kuma ɗora mata nauyi biyu yana sa a fahimci cewa wanda ba indigene ba, ba ɗan Nijeriya ba ne. Ta biyun ta fi muni, domin ta saɓa wa yadda hukuma ke aiki da kalmar. Tsarin Mulki na 1979 ya shardanta cewa a naɗa aƙalla minista ɗaya daga kowace jiha, kuma ya kasance indigene nata. Na 1999 ya maimaita haka a sashe na 147(3). Bai fassara kalmar kai tsaye ba, amma sashe na 318 ya danganta zama ɗan jiha da kasancewar mahaifi ko mahaifiya ko kaka daga al'ummar da ke da asali a jihar. Ke nan ma'aunin tsatso ne, ba wurin da aka yanke cibiya ba.

A nan ne Hausawan Legas suka zama abin nazari. Layin dogo ya isa Kano a 1911, cinikin goro da shanu ya ƙara kafa zangon Agege, kusancin tashar Iddo ya jawo fatake Ebute Metta da Oyingbo. Akwai gidajen da jika da kakansa duk a nan aka haife su, Yarbanci a bakinsu kamar Hausa. Kowannensu haifaffen Legas ne, amma idan ana maganar asalin Agege, Aworawa ake nufi. Mai fassarar da ya ce wa irin wannan matashi takardar "haifaffen gari" ake nema, ya tura shi sakatariyar da za ta iya mayar da shi wata ƙaramar hukuma a Katsina ko Kano, inda mai unguwa bai taɓa ganin fuskarsa ba. (Hausawan Nijar sun san ɗacin kalmar ta wata fuskar: indigène ita ce sunan wanda Faransa ta mulka ba tare da 'yancin ɗan ƙasa ba, har zuwa 1946.)

"Ɗan asali" ita ta fi dacewa da indigene, a bar "ɗan ƙasa" ga citizen, "mazauni" ga resident, "mabuƙaci" ko "marar galihu" ga indigent. Sai dai "ɗan asali" ma tana da nata tabo, domin a Hausar yau da kullum tana nufin mutum mai mutunci, kishiyarta "marar asali" kuwa zagi ce. Don haka wajibi ne a riƙa haɗa ta da sunan wuri, a ce "ɗan asalin jihar Legas", a kuma fassara non-indigene da "wanda asalinsa wata jiha ce".