Jinjina ga Masu Horar da Likitocin Gaggawa

Maganin tsinka jini yana kare mai ciwon zuciya daga shanyewar ɓarin jiki. Amma ranar da ya faɗi ya bugu a ka, ko ya fara aman jini, zubar ba ta tsayawa da sauƙi. A nan sai abin da aka koya wa likitan sashen gaggawa.

Shi ya sa nake jinjina wa malamansa. Su ne ke nanata wa sabon likita tambayoyin farko har su zauna masa daram: wane magani majinyacin yake sha, yaushe ya sha na ƙarshe, yaya ƙodarsa take? Domin makarin wani magani ba shi ne na wani ba. Warfarin sai bitamin K da sinadaran daskarar da jini, heparin sai protamine, dabigatran kuwa tun 2015 yana da idarucizumab. A ɗakin atisaye, kan mutum-mutumin roba, ake maimaita wannan har hannu ya saba, don kada a yi koyo a jikin mahaifin wani.

Majinyacin da ya tsira ba ya sanin sunayen malaman nan. Allah Ya saka musu da alheri. Kai kuma mai shan maganin, riƙa yawo da sunansa a rubuce cikin aljihunka.