Zaɓin Wasa a Rufa'a: Son Rai Ne, ko Abin da Waya Ta Iya Ɗauka?

A ƙauyukanmu na Hausawa da ke gaɓar Shuɗin Nilu a Sudan, daga kewayen Rufa'a har Mai Wurno, samari kan san juna da wasan da kowa ke yi a waya. Wane ɗan Babji ne, wato PUBG, wanda ya shigo wayoyi a 2018: mutum 100 su dira a tsibiri, a yi ta ɗauki-ba-daɗi har a bar mutum ɗaya ko ƙungiya ɗaya. Wane ɗan ƙwallo ne, ya kwashi gardamar ƙungiyoyin gida Hilal da Marikh ya ɗora wa Barcelona da Real Madrid. Akwai kuma 'yan Ludo, waɗanda ba ruwansu da bindiga. Hira suke nema, kamar dattawan da ke zaman dara ko sija a gindin bishiya.

Tambayi kowannensu dalili, zai ce maka ra'ayinsa ne. Ni kuwa ina ganin rabin ra'ayin nan waya ce ta zaɓa masa. Free Fire ta samu karɓuwa a ƙasashen talakawa don kamfanin Garena ya ƙera ta daidai ƙarfin ƙaramar waya: mutum 50, minti goma an tashi. Wanda ke kai wayarsa caji shago, yana ƙirga datar da ta rage masa a layin Zain ko Sudani, gajeren wasa zai so, ko da ransa na kwaɗayin dogo.

Nan ne wasannin shiga rigar jarumi suka sha ƙasa. A irin su World of Warcraft na 2004, mutum yakan ƙirƙiri jarumi, ya raɗa masa suna, ya zaɓar masa sana'a: mayaƙi, mai magani ko matsafi. Sai ya rene shi wata da watanni cikin rundunar mutanen da bai taɓa gani ba. Wannan na bukatar kwamfuta, wutar da ba ta ɗaukewa, da katin banki na biyan kuɗin wata. Daga 1997 zuwa 2017 Sudan na ƙarƙashin takunkumin Amurka, biyan kamfanin waje ta intanet ya gagari talaka. Genshin Impact ta zo a 2020 kyauta, amma nauyinta kaɗai ya isa ya cika ƙaramar waya. Sannan yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023, ya iso Wad Madani da Rufa'a a Disamba, a Fabrairun 2024 kuma layukan sadarwa suka ɗauke. Yaron da ya bar gidansu da kaya a ka ba ya renon jarumi.

Abin da ke damuna shi ne, wannan nau'in wasan jarumi da ya fi nisa da mu shi ya fi kama da mu. Bahaushe ya daɗe da sanin shiga rigar wani. A tashen watan azumi yaro kan zama tsoho mai gemun auduga. A ƙungiyar samari akwai sarki, akwai waziri, kowa da aikinsa. Ko a Babji, duba yadda abokai huɗu ke raba aiki: wannan ya tuƙa mota, wancan ya hau tudu ya tsare, wani ya tashi wanda ya faɗi. Ba harbin ne ke riƙe su har tsakar dare ba, amanar da ke tsakaninsu ce. Shi ya sa ban yarda da masu cewa yaranmu ba su da haƙurin dogon labari ba. Ba a kawo musu shi a ma'aunin da za su iya saya ba ne.

Labarin kuwa muna da shi. Bayan yaƙin Burmi a 1903, Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, ya ja jama'a gabas, suka ratsa Barno da Wadai da Darfur har Nilu. Ga ayari, ga madugu, ga guzuri, ga shawarar ko a yada zango a yi noma ko a wuce Makka. A Kamaru, kamfanin Kiro'o Games ya fitar da Aurion a 2016, wasan jarumi da aka gina kan al'adun Afirka. To, masu rubuta manhaja na Kano da Zariya, ku ƙera mana wasan hanyar gabas, da Hausa da Larabci, mara nauyi, wanda zai yi aiki ko babu intanet.